Amsa ga 'yar'uwar da za a yi wa Innarta hoton MRI da allura

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko allurar da ake yi kafin hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, za ta taɓa ƙodar Inna, tunda tana fama da ciwon suga. Wallahi na san wannan fargabar, Baffana ma haka aka rubuta masa.

Kafin ku shiga mota, a yi mata gwajin ƙoda, wato kiriyatinin. Mu ba wanda ya gaya mana. Buhun riɗi muka sayar, muka ɗauki shatar mota daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim har Kano. Mutumin da ke kan tebur ko ɗago kai bai yi ba, sai cewa ya yi, "Ina sakamakon ƙoda?" Na ce ba a faɗa mana ba. Ya turo min takardar da bayan biro, ya kira na gaba. Baffa na kwance kan tabarma a baranda, tun asuba bai sa komai a baki ba, carbi na karkarwa a hannunsa, yana tambayata ko an kira mu. Dattijo fa! Kalma ɗaya mai daɗi ta gagari bawan Allahn nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ita allurar, wani ƙarfe ne a cikinta, gadoliniyam, mai sa ƙari ko kumburi ya fito sarai a hoto. Shi kaɗai guba ne, shi ya sa masana suka ƙera masa sinadarin da ke kulle shi har ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Tun 1988 ake amfani da shi. Sai dai makullan ba ɗaya ba ne. Mai siffar zobe, irin Dotarem da Gadovist, yana riƙewa gam. Miƙaƙƙen ya fi saurin saki. A 2006 aka danganta allurar da wata cuta mai sandarar da fata ga masu raunin ƙoda sosai, kuma galibi miƙaƙƙen ne. Don haka ki tambayi sunan wadda za a yi mata, haƙƙinku ne, kar ki ji nauyi.

In lambar eGFR, wato wadda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda a sakamakon gwajin, ta gaza 30, ki tsaya sai likita ya sake dubawa, wani hoton ma ba ya buƙatar allura.

Af, a cire mata 'yan kunne da awarwaro, in tana da haƙorin Makka ko ƙarfe a jiki ku faɗa tun a ƙofa. Na'urar akwai ƙara, ku roƙi abin toshe kunne. Allah ya ba Inna lafiya.