Fasassun Kwalabe a Saman Kantar Kicin

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana yin saman kantar kicin da fasassun kwalabe. Me ya sa ba a narka su a sake yin kwalabe, kuma shin irin wannan kanta tana ƙarko? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ai ana narka su, kuma gilashi ba ya rage inganci komai yawan narkawa. A masana'anta ana ware kwalabe bisa launi, wato garau, kore da ruwan ƙasa. Maganaɗisu ya tsince murafen ƙarfe, iska ta kwashe takarda, sannan a niƙa, a haɗa da yashi, soda da farar ƙasa, a zuba a tanderu mai zafin kusan digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyas. Duk kashi 10 cikin 100 na tsohon gilashi da aka ƙara yana rage makamashin da kashi 2 zuwa 3.

Sai dai tanderun ba ya karɓar kowane gilashi. Ƙwayar tangaran, ko ta kwanon gilashi mai jure wuta, ba ta narkewa tare da sauran. Takan maƙale a jikin sabuwar kwalba, a nan kuma kwalbar za ta fashe. Gilashin taga, madubi da wanda launinsa ya cakuɗe su ma ba su cika dacewa da yin sababbin kwalabe ba, shi ya sa suka fi dacewa da kanta.

Yawanci gilashin ne kashi 70 zuwa 85 na allon kantar, sauran siminti ne ko rezin, wato wani irin ruwan roba mai daskarewa ya yi ƙarfi. Ana zuba haɗin a mazubi, kauri kamar santimita 3, a girgiza shi kumfar iska ta fita. In ya yi ƙwari a goge fuskar da faifan daimon, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har gilashin ya fito fili.

Na siminti shi ne mai buƙatar kula. Dole a wanke gilashin tas, domin ɗan sukarin da ya saura a kwalba yana hana siminti kamawa. Babbar illar kuwa ba ta bayyana da wuri: sinadarin alkali na siminti yana cin gilashin, ya haifar da wani abu mai yauƙi da ke shan ruwa yana kumbura, har allon ya tsattsage daga ciki. Maganinta shi ne a maye gurbin kamar kashi 20 na simintin da metakawolin, wato gasasshen farin yumɓu. Ki tambayi mai sayarwa ko an yi hakan. In ya kasa amsawa, kada ki saya. Haka nan allon siminti yana shan tabo, ruwan tsami kuma yana dusashe shi, don haka a riƙa shafa masa maganin toshe ƙofofin siminti aƙalla sau ɗaya a shekara.

Na rezin ba ya saurin shan tabo, amma tukunya mai zafi tana ƙona shi, wani kuma rana na sa shi ya yi rawaya. Dukansu biyu sukan ɓalgace a baki in abu mai nauyi ya buge su, saboda haka a zagaye gefen tun wajen yanka.