Mantuwa bayan fara maganin cutar MS: maganin ne ko cutar?

Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanwarka lafiya. Ka ce tana da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma tun da aka fara mata magani take yawan mantuwa da rasa barci.

Abu na farko, wane magani ne? Idan ƙarin ruwan methylprednisolone ne, wanda akan ba da giram 1 kullum na kwana 3 zuwa 5, an san shi da kawo mantuwa, rashin barci da saurin fushi, amma yawanci yakan lafa bayan an gama. Ita kanta cutar tana rage saurin tunani, haka ma magungunan sassauta tsoka irin su baclofen.

Wanda ya fi damuna shi ne natalizumab, wani maganin cutar MS. A 2005 an janye shi daga kasuwa saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna PML da ƙwayar cuta mai suna JC ke haddasawa, aka dawo da shi a 2006 bisa sa ido sosai. Haɗarin na ƙaruwa bayan shekara 2 ana amfani da shi. In shi take karɓa, kuma ruɗewar na ƙaruwa mako bayan mako, ko maganarta ta sauya, ko gefe ɗaya ya yi rauni, ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yau, a yi mata hoton MRI.

Idan tana shan prednisolone, wato dangin methylprednisolone da ake sha ta baki, don Allah kada ku tsayar da shi lokaci guda, sai likita ya rage shi a hankali. Ku rubuta ranar da mantuwar ta fara, ku tafi da duk kwalayen magungunanta, har da na gargajiya.