Re: Abokin aikina ɗan Filifin ya gayyace ni bikin littattafansu, in je?

Malam ka je wallahi, kar ka bari ya wuce ka. Ka ce ba ka san me ake yi a wajen ba, to yawanci teburan littattafai ne da zane-zane, marubuta su karanta wa mutane rubutunsu, yara su yi rawar tinikling wadda ake tsalle tsakanin gora biyu ana buga su da juna, abin sha'awa ne sosai.

Sunan da za ka ji ana ta ambata shi ne Jose Rizal, likita ne kuma marubuci, littafinsa Noli Me Tangere ya fito a 1887 ya tona asirin zaluncin da ake musu a mulkin Sifaniya wanda ya wuce shekara 300, a ƙarshe harbe shi suka yi ranar 30 ga Disamba 1896, shi ya sa mutanen nan ba sa wasa da littafi ko kaɗan, ni dai wannan ne ya fi taɓa ni. In ka ga wani yana rubuta wa jama'a sunayensu da wasu haruffa masu lanƙwasa, baybayin kenan, rubutunsu na da kafin Turawa su zo, ka ce ya rubuta maka naka.

Abinci kuwa ka tambaya kafin ka ci, adobo ɗinsu wani da kaza ake yi wani da alade. Akwai Musulmi da yawa a kudancin ƙasar, yankin Mindanao, don haka in ka ce halal za su gane.