Fankoki Suna Juyawa, Monita Ba Ta Nuna Komai: Na Ƙone Sabuwar Kwamfutata Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na shafe kusan shekara guda ina tara kuɗin kayan kwamfuta, jiya da dare kuma na haɗa ta da hannuna. Furosesa Ryzen 5 5600 ce, bod ɗin (babban allon da ake jona komai a kansa) MSI B450 Tomahawk ne na hannu, katin hoto RX 6600, RAM guda biyu, sai akwatin wuta mai wat 550 irin wanda ake cire wayoyinsa. Da na kunna, fankoki sun juya, fitilu sun kama, amma monita ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Wani mai gyara ya ce akwatin wutar ne ya yi rauni, zai zo da nasa mu jona a jikin wayoyin da na riga na shimfiɗa, idan ba ta tashi ba kuma ya gasa katin hoton da bulowa, na'urar nan mai hura iska mai zafi. Wallahi ban runtsa ba. Na ƙone ta ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, domin babu abin da ka bayyana da yake nuna ƙonewa. Ba ka ambaci ƙauri ko hayaƙi ba, kwamfutar kuma ba ta mutuwa da kanta bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne baƙon da kake jira, kuma ina roƙonka ka dakatar da shi kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa.

Fara da bayan kwamfutar. Bod ɗinka yana da ramin HDMI, amma Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, saboda haka wannan ramin matacce ne muddin ita ce a kai. Dole wayar monita ta shiga jikin katin RX 6600, can ƙasa inda ramukan suke a kwance. Ka tabbatar wayar katin mai fil 8 ta zauna, haka ma ɗaya mai fil 8 ɗin da take ciyar da furosesa a kusurwar sama ta hagu, wadda masu haɗin farko suke yawan mantawa, alhali fankoki suna iya juyawa ba tare da ita ba.

Bayan haka ka dubi ƙananan fitilu huɗu da suke gefen dama na bod ɗin, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita take gaya maka inda tafiya ta tsaya. Idan DRAM ce, ka zare wuta daga bango, ka cire RAM duka, ka mayar da guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, wanda aka rubuta wa DIMMA2, ka danna har makullin ya rufe da kansa. Sabon RAM yana buƙatar ƙarfin hannu fiye da yadda mutum yake zato. Kafin ka taɓa komai ka dafa ƙarfen gidan kwamfutar don ka sauke wutar da take taruwa a jikinka, musamman a lokacin hunturu da iska ta bushe.

Idan kuwa fitilar CPU ce ta tsaya, ina kyautata zaton BIOS ne, wato ƙaramar manhajar da take cikin bod, wadda take gane furosesa ta tayar da kwamfuta. Bod ɗin B450 ya fito a 2018, jerin Ryzen 5000 bai iso ba sai ƙarshen 2020, ita 5600 kuwa a 2022 ta shigo kasuwa. Bod na hannu da tsohon mai shi bai sabunta ba, bai san wannan furosesa ba kwata-kwata. Sa'arka ita ce Tomahawk yana da maɓallin Flash BIOS a baya. Ka sauko da sabon fayil daga shafin MSI, na samfurinka daidai, domin Tomahawk daban yake da Tomahawk MAX. Ka sauya masa suna zuwa MSI.ROM, ka sa a filas da aka yi wa fomat da tsarin FAT32, ka soka a ramin da aka keɓe kusa da maɓallin, ka danna, ka jira har fitilar ta daina ƙiftawa. Kada ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA kai tsaye ko ƙaramin janareta mai tari. Ka nemi UPS ko inbata.

Yanzu ga maganar mai gyaranka. Da farko, wat 550 ya ishe ka har da saura, domin furosesarka ta wat 65 ce, katin kuma kusan 132 yake ci. Amma ko da akwatin ya lalace da gaske, shawarar da ya kawo ita ce mafi haɗari a duk wannan sana'a, kuma kusan kullum sai na yi gardama a kanta. Mutane sun ɗauka cewa duk wayar da ta shiga rami ta dace da shi. Wannan ba gaskiya ba ne. Bakin wayar da yake shiga bod ko katin hoto ko SSD (faifan ajiyar bayanai), shi ne yake da ƙa'ida ɗaya a duk duniya. Bakin da yake shiga jikin akwatin wuta ba shi da wata ƙa'ida da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani yana jera filolinsa yadda ya ga dama. Ramin da yake fitar da bolt 5 a wannan akwati yana iya zama mai fitar da bolt 12 a wancan, ga shi robar bakin iri ɗaya ce, tana shiga sumul har da ɗan ƙaran kullewa.

Sunan kamfani ɗaya ma ba hujja ba ne. Yawancin sunayen da kake gani a jikin akwatin ba su suke ƙera shi ba, masana'antu irin su Seasonic da CWT da Great Wall ne suke yi musu, kuma samfuri biyu masu tambari ɗaya suna iya fitowa daga masana'antu biyu. Shi ya sa Corsair take sa wa wayoyinta lambar nau'i, take kuma wallafa jadawalin wadda ta dace da wane akwati. Idan mai ƙera kayan da kansa bai yarda da ido ba, ban ga dalilin da mai gyara zai yarda da nasa ba.

Za su ce maka akwatin yana da kariya, zai kashe kansa idan an yi kuskure. Wani lokaci hakan takan faru, idan bolt 12 ya haɗu da layin ƙasa kai tsaye. Amma idan bolt 12 ya bi layin bolt 5 zuwa SSD, akwatin ba ya ganin laifi, a wurinsa aiki ne yake yi, kuma cikin ƙiftawar ido faifan ya tafi da duk abin da yake ciki. An taɓa kawo mini kwamfutar wani mai ɗaukar hoto da aka yi wa irin wannan gwajin, faifai biyu sun ƙone da hotunan bukukuwan mutane waɗanda bai riga ya miƙa ba. Wanda ya yi aikin ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma dukiyar mutum amana ce a hannun mai gyara, kuma ƙyuyar kwance wayoyi na minti goma ba uzuri ba ne da za a kai gaban Allah. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya fi masa alheri da ya yi koyo a kan gumin shekara guda na ɗan'uwansa.

Haka nan kada ka yarda a tura wayar katin hoto da aka rubuta wa PCIe cikin ramin wutar furosesa don dai dukansu fil 8 ne, domin layin wuta da na ƙasa a juye suke tsakaninsu. Batun bulowa kuwa, dabara ce ta farfaɗo da tsohon kati da dalmarsa ta tsage, ita ma ba ta daɗewa. Gasa katin da ba a tabbatar yana da ciwo ba ɓarna ce, kuma ta kashe maka garanti.

Idan har ana son gwada wani akwatin wuta, a zare wayoyinka duka, har da na SATA masu ciyar da faifai, a yi amfani da nasa wayoyin kaɗai. Ni dai shawarata ka fitar da bod ɗin ka ɗora a kan kwalinsa, da furosesa da fankarta, RAM ɗaya da katin hoto, ka cire ƙaramin batirin bod ɗin, CR2032, na minti biyar ka mayar, sannan ka kunna ta hanyar taɓa fil biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukundireba. Idan hoto ya fito a nan, to mai yiwuwa wani ƙarfen ɗaurin bod ne a cikin gidan yake taɓa bayansa. Idan bai fito ba, ka sake rubuto mini ka faɗi fitilar da ta tsaya a kunne, da kuma ko ka ga fil a lanƙwashe a ƙarƙashin furosesar.