Abin da ya sa ba ma ajiye takardar kuɗi

Alhaji, jiya a majalisa a Tudun Wada ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Sudan, da kuɗi ya shigo hannu, sai mu ruga mu sayi buhun dawa, ko akuya, ko ɗan zinariya. Ka kuma lura na ɓata rai da aka ce a ƙara wa soja kuɗi, arzikin ƙasa zai bunƙasa. Kiran sallah ya katse mu. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya.

Kakanninmu sun yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Mai Wurno a Sudan, a bakin kogin Blue Nile. Da aka gama madatsar Sannar a 1925, da hannunsu aka riƙa tsinkar audugar Jazira, babban yankin noman rani na Sudan. Gumin manomi ke riƙe da ƙasar. Amma yaƙin Kudancin Sudan daga 1983 zuwa 2005, ga na Darfur tun 2003, kowanne da kasonsa a baitulmali. Hanyoyin ruwan Jazira suka cike da laka da ciyawa, ba a yashe su yadda ya kamata. Kamfanonin masu kaki kuwa suka shiga cinikin zinariya da nama da gine-gine, ɗan kasuwa ya rasa yadda zai yi gogayya da mai bindiga.

Da Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai aka koma buga kuɗi. A 2021 tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin ɗari. Wanda ya sayar da riɗinsa da kaka ya riƙe takarda, kafin damina ba ta saya masa iri. Shi ya sa ko adashi, matanmu sun fi so ya koma kaya nan take.

Ban musa maka ba, Kaduna na cin albarkacin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da masana'antar ƙera makamai ta DICON da barikin Jaji, kuma manomin Birnin Gwari ba zai shiga gona ba sai da tsaro. Amma albashin soja daga harajin wani yake fitowa, kuma na ga masaƙun Kakuri a rufe.

Makaman da aka tara da guminmu, su aka juyo kan Khartum a Afrilun 2023, kafin Disamba ta ƙare sun iso Wad Madani, babban birnin Jazira. 'Yan kunnen zinariya da mai ɗakina ta ɗinke cikin bakin zanenta, su suka biya mana kuɗin motar da muka tsere a ciki.