Gudummawar biki: kyauta ce ko bashi?

'Yar'uwa, kin ce ƙawarki ta zo bikin 'yarki hannu rabbana, alhali ke kin kai mata gudummawa mai tsoka a nata, kuma zafin da kika ji ya sa kina zargin kanki ko ba don Allah kika bayar ba. Ni dai ban ga laifinki ba.

Na daɗe ina riƙe littafin gudummawa a bukukuwan danginmu. Ban taɓa jin wadda ta miƙo kuɗi ta ce bashi ta bayar ba, amma kowa ya san ranar da nata ya tashi za a buɗe littafin. Iyayenmu ma ninkawa suke yi: ki kawo mini turmin atamfa ɗaya, in kai miki biyu. In abin ya yi nauyi, sai su sauko da shi, su sake farawa daga ƙasa, don kada kuɗi su kashe ƙawancen.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1925 wani masani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya nuna cewa kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Cikin misalansa akwai mutanen wasu tsibirai na gabashin Papuwa Niu Gini, waɗanda wani masanin al'adu mai suna Malinowski ya yi rubutu a kansu a 1922. Sukan keta teku a kwalekwale don musayar jajayen sarƙoƙi da fararen awarwaro na ƙwaryar halittun ruwa, kuma wanda ya karɓa ba ya riƙewa har abada, gaba yake miƙawa. Hulɗar ce ake kiwo.

Sadaka daban take. Ita ce ake bayarwa ba a jiran sakayya ko godiya, kuma Alƙur'ani ya hana a ɓata ta da gori. Kyauta kuwa, Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana karɓarta, yana kuma saka wa mai ita. To, sa rai da ramuwa bai ɓata miki niyya ba. Ina jin abin da ya sosa miki rai shi ne tsoron ta daina lissafawa da ke.

Kafin ki yanke hukunci, ki binciki halin da take ciki. Na sha ganin matan da kunyar rashi ta hana su ko buɗe baki. Kada ki kai maganar gaban dangi. Ki same ta a ɗakinta ku yi ta ku biyu, in kuma wata hidima ta taso mata, ki je da abin da ya sawwaƙa, wanda za ta iya ramawa ba tare da ta ci bashi ba.