Tambaya da Amsa: Daga Damagaram zuwa Gwanzu, kilomita nawa ne a jirgi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole nan Damagaram, ina son in je Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya karon farko. Dan Allah nisan kilomita nawa ne a jirgin sama? Don wani abokina ya ce kwana biyu ya yi a hanya, wani kuma ya ce wai awa goma ne kawai, to wa zan yarda da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a. Duk su biyun ba su yi maka ƙarya ba, kowa abin da ya ƙirga daban ne.

In aka ja layi a miƙe daga Damagaram zuwa Gwanzu, wajen kilomita 10,800 ne, kuma layin ba gabas sak yake yi ba, saboda duniya a mulmule take sai ya ɗan karkata arewa, ya ratsa Chadi ya bi ta kusa da Madina, ya wuce Pakistan da arewacin Indiya. Daga Yamai kuwa nisan ya kai kusan 11,500, wato mu nan mun fi 'yan Yamai kusa da Sin da kilomita kamar 700.

Amma fa wannan lissafin takarda ne, don babu jirgin da zai ɗauke ka daga nan ya sauke ka Gwanzu kai tsaye. In ta Yamai za ka tashi, sai ka fara shan hanyar mota ta wajen kilomita 900 zuwa yamma, ka juya wa inda za ka baya, sannan jirgi ya sake dawo da kai gabas, abin da ban haushi wallahi amma ya za a yi. Da jirgin kamfanin Ethiopian na ƙasar Habasha, Yamai zuwa Adis Ababa kilomita 4,000 ne da 'yan kai, awa biyar zuwa shida, daga Adis zuwa Gwanzu kuma kamar 8,000, wajen awa 10 kana zaune a kujera ɗaya ƙafa na kumbura. Ina jin wannan zangon ne abokinka na biyu ya ƙirga ya manta da sauran. In ka haɗa da zaman jiran canjin jirgi da wunin da ka yi a bas, to ga kwana biyun na farko nan sun cika.

Ni da zan ba ka shawara ka tambayi kuɗin tikiti ta Kano ma, tunda kilomita 240 ne kacal daga nan, kuma Kano zuwa Adis bai wuce 3,400 ba. Sai dai ka duba takardunka na ƙetare iyaka da ranakun da jirgin ke tashi kafin ka biya.

Abin da ke rikita sabon matafiyi shi ne agogo. Sin ta riga Nijar da awa 7, kuma lokacin sauka da aka rubuta a tikiti na can ne ba namu ba, sai ka ga kamar tafiyar ta ƙaru da awa bakwai alhali ba ta ƙaru ba. Don haka in za ka gaya wa mai tarbarka lokaci ba shi yadda yake a tikitin, mutanen gida kuma ka rage musu bakwai, kar Hajiya ta yi ta buga waya tana cewa ba ta shiga.